Zazzaɓin da Ya Ƙi Jin Antibayotik: Yadda Yis Ke Shiga Jinin Majinyaci

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku ɗauka ga wani magidanci kwance a gadon asibiti. Taifod ce ta huda masa hanji, aka shiga da shi tiyata cikin dare, aka ɗinke, aka wanke cikin. Aiki ya yi kyau. Yau kwanansa 10 a ɗakin kulawa ta musamman. Tun da hanjin bai dawo aiki ba, ba ya cin komai ta baki, sai aka zura masa wata siririyar roba a babbar jijiyar wuya, ta nan ake ba shi ruwa da magani da abinci. Ya fara buɗe ido, yana gane mutane, 'yan uwa sun fara hamdala. Kwatsam sai zazzaɓi ya dawo. Aka duba maleriya, babu. Aka sauya masa antibayotik zuwa wanda ya fi ƙarfi, jiki bai sauka ba. Aka ƙara wani a kai, shiru. Kwana uku ana haka, ƙarfin bugun jininsa ya fara yin ƙasa, fitsari ya ragu.

Abin da ke cin wannan bawan Allah, ko tankar antibayotik aka juye masa ba zai ji ba, domin ba bakteriya ba ce. Yis ne ya shiga jininsa.

Na san da jin kalmar yis hankalinku ya tafi wurin mai burodi da mai fanke. To, dangi ɗaya ne, amma gida daban. Yis ɗin fulawa ba ruwansa da wannan ciwo, ku ci burodinku hankali kwance. Wanda muke magana a kansa sunansa Kandida, kuma shi da yis ɗin burodi, da funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, da abin da ke kawo makero a kan yara, duk 'yan babban gida ɗaya ne da masana ke kira fangas. Sunan Kandida daga Latin yake, ma'anarsa fari, saboda in aka shuka shi a faranti a ɗakin gwaji, ɗigo-ɗigo yake fitowa farare kamar kindirmo. Idan ya shiga jini, likitoci na kiran ciwon kandidemiya.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne Kandida ba baƙo ba ne a jikinmu. Mutane da yawa masu ƙoshin lafiya suna ɗauke da shi a baki, a hanji, a fata, a al'aurar mata, kuma ba ya yi musu komai. In ma ya yi ɓarna, ƙarama ce: farin nan da ke manne wa harshen jariri, ko ƙaiƙayi da farin ruwa da ke damun mata, wanda ake jefawa cikin abin da ake kira ciwon sanyi. Waɗannan a saman fata da fatar ciki suke tsayawa. Ina so in jaddada wannan, don kada wata baiwar Allah ta tsorata: mace mai lafiya da ke fama da ƙaiƙayi a gida, ba ita ake nufi da wannan bidiyo ba. Haka nan masu tallan magunguna a waya da ke cewa kasala da kumburin ciki alamar Kandida ce a jini, ku sayi garin kaza ya wanke ku, wannan magana ba ta da tushe. Wanda yis ya shiga jininsa da gaske ba ya yawo a kasuwa, yana kwance ne rai a hannun Allah.

To me ke tsare mu da shi? Katangu ne Allah ya yi mana. Akwai fata, akwai bangon hanji, akwai fararen ƙwayoyin jini da ke cinye duk wanda ya tsallako. Sannan akwai wata katangar da ba a cika tunawa da ita ba, wato ɗimbin bakteriya masu amfani da ke zaune a hanjinmu. Su ne suka cika gari, suka cinye abinci, suka hana Kandida sakewa. Yana nan dai, amma a takure.

Yanzu ku koma ga majinyacinmu, ku ga yadda katangun nan suka zube ɗaya bayan ɗaya. Hanjinsa ya huje, an kuma yanka shi. Kwana 10 ana ɗura masa antibayotik mai faɗi, wanda ba ya bambance mugu da nagari, ya share bakteriyar hanji, ya bar wa Kandida fili shi kaɗai. Ga roba ta huda fata ta miƙe har kusa da zuciya. Ga abincin jijiya, mai ɗauke da suga da maiƙo, abin da yis ya fi so a duniya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa ba tsaga ɗaya ba ce. Abin da ke ci mini rai a wannan ciwo shi ne, duk abubuwan da na lissafa ba kuskure ba ne. Da ba a yi tiyatar ba, da ba a sa robar ba, da tuni an yi jana'izarsa. Abin da ya ceci ransa shi ne ya buɗe wa yis ƙofa.

Ba masu tiyatar ciki kaɗai ba. Masu wankin ƙoda suna ciki, da masu ciwon daji da maganin ciwon ya karya musu fararen ƙwayoyin jini, da waɗanda wuta ta ƙona sosai, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da masu ciwon suga da suka jima a gado. Sai kuma bakwaini da ke cikin kwalba, musamman wanda nauyinsa bai kai kilo 1 ba. Fatarsa kamar takarda, hanjinsa bai nuna ba, ga roba a cibiya. Jariri irin wannan ba lallai ya yi zazzaɓi ba ma. Sai dai a ga ya ƙi karɓar nono, ciki ya kumbura, numfashi na ɗaukewa yana dawowa. A wurinsa yis na saurin haurawa ƙwaƙwalwa, shi ya sa likitocin yara ke ɗibar ruwan ƙashin baya su duba.

Bari mu tsaya kaɗan a kan robar nan, don a nan wayon Kandida yake. In ya samu roba a cikin jijiya, mannewa yake yi, ya hayayyafa, ya lulluɓe kansa da wani abu mai yauƙi, kamar gansakukar da ke kama cikin randa ko bututun ruwa. A ƙarƙashin wannan yauƙi, magani ba ya isa gare shi yadda ya kamata, fararen ƙwayoyin jini ma ba sa iya kama shi. Daga nan yake ta sako 'ya'yansa cikin jini. Jini kuwa babu inda ba ya zuwa. Sai yis ya sauka a ƙoda, a hanta, a saifa, a ƙashi, a ƙofofin zuciya, har cikin ƙwayar ido, inda zai iya makantar da mutum bayan ya tsira da ransa.

Yaya girman matsalar? Cibiyar daƙile cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa ana samun kimanin mutum 25,000 da kandidemiya kowace shekara a ƙasar, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ba sa fita asibiti da rai. Wannan a ƙasar da ke da kayan gwaji da magani a hannu ke nan. A watan Oktoba na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fangas 19 da suka fi barazana ga ɗan Adam, karo na farko da ta yi irin wannan jeri. Huɗu ta sa a sahun gaba, kuma biyu daga cikin huɗun Kandida ne.

Wahalar farko ita ce ganewa. Kandidemiya ba ta da wata alama tata ta kanta. Zazzaɓi ne da rawar sanyi da faɗuwar bugun jini, daidai da abin da bakteriya ke kawowa. Likita ba zai kalli majinyaci ya rantse cewa yis ne ba. Hanyar da aka dogara da ita ita ce a ɗebi jini a zuba a kwalabe na musamman, a ajiye a na'ura mai ɗumi, a jira abin da zai tsiro. Yis ba shi da sauri, yakan ɗauki kwana biyu, uku, wani lokaci fiye. Kuma ko da Kandida ya yi nisa a cikin jiki, wannan gwaji kusan rabin masu ciwon kawai yake kamawa. Akwai wani gwajin jini da ke neman ɓurɓushin bangon fangas, ana kiransa beta-gulukan, yana taimakawa, amma ba kowane asibiti ke da shi ba. A garuruwanmu ma, shi kansa gwajin kwalbar ba ko'ina ake yi ba, inda ake yi kuma sau da yawa sai 'yan uwa sun biya kafin a ɗebi jinin, ga shi aljihu ya riga ya ƙare a tiyata. Sai a ci gaba da sauya antibayotik a makance. Ina ganin da yawa daga cikin waɗanda ake cewa jikinsu ya ƙi karɓar magani, da an shuka jininsu da an ga abin da ke ciki.

Kwanakin nan na jira ba kyauta ba ne. Wani bincike da aka yi kan majinyata 230 a asibitoci huɗu na Amurka, aka wallafa a 2006, ya duba ranar da aka fara ba su maganin yis, ana ƙirgawa daga ranar da aka ɗebi jinin da ya nuna ciwon. Waɗanda aka fara wa a ranar, kashi 15 cikin 100 ne suka rasu. Waɗanda aka jinkirta kwana ɗaya, kashi 24. Kwana biyu, kashi 37. Kwana uku ko fiye, kashi 41. Ku sake duba alƙaluman nan. Ciwo ɗaya, magani ɗaya, bambancin kawai yaushe aka fara. Saboda haka ne ƙwararrun likitoci, in suka ga majinyaci irin namu, mai tiyatar hanji da roba a wuya da zazzaɓin da ya ƙi antibayotik, sukan ɗebi jini su fara maganin yis nan take, ba sa jiran sakamako.

Ga wata ƙa'ida da nake roƙon duk ma'aikacin lafiya da ke kallo ya riƙe da hannu biyu. In aka ga Kandida a majina ko kakin majinyaci, yawanci zaman gida yake yi, ba ya buƙatar magani. A fitsarin mai robar fitsari ma sau da yawa haka ne. Amma in ya tsiro a kwalbar jini, ko da kwalba ɗaya ce cikin huɗu, ko da majinyacin ya ji sauƙi a ranar, ba a cewa datti ne ya faɗa. Ciwo ne, kuma dole a yi magani.

Maganin yis ɗin fa? A nan ma akwai ƙunci. Bakteriya halittarta ta yi nisa da tamu, don haka akwai wurare da yawa da za a buge ta ba a taɓa mu ba, shi ya sa antibayotik suka yi yawa. Ƙwayar fangas kuwa ginin cikinta ya yi kama da na ƙwayoyin jikinmu, abin da zai kashe ta yakan taɓa mu. Don haka manyan gidajen maganin da ake yaƙar yis a jini da su uku ne kacal. Mafi tsufa shi ne amfoterisin B, wanda aka samo a shekarun 1950 daga wata ƙwayar halitta a ƙasar bakin kogin Orinoko a Benezuwela. Yana huda fatar yis ya kashe shi, amma yana sa rawar ɗari mai tsanani, yana kuma wahalar da ƙoda. Akwai sabon samfurinsa da aka naɗe cikin maiƙo, mai sauƙi ga ƙoda, sai dai tsada. Na biyu shi ne gidan su filukonazol, wanda ya shigo a wajajen 1990, mai araha, ana sha ana kuma ɗurawa. Na uku su ne ekinokandin, irin su kasfofungin da ya fito a 2001, da mikafungin da anidulafungin da suka biyo baya. Su bangon waje na yis suke rushewa, bangon da mu ba mu da irinsa, shi ya sa ba su cika cutar da majinyaci ba. Su ne ake so a fara da su ga babban mutum a yau. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mikafungin cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, amma a yawancin asibitocinmu na Afirka samunsa aiki ne, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin talaka.

Sai mutum ya ce, to a ba kowa filukonazol mana, tun da yana kowane kemis. Matsalar ita ce Kandida ba iri ɗaya ba ne. Albikans, wanda aka fi sani, yawanci yana jin filukonazol. Gilabrata, mai yawan kama tsofaffi, sau da yawa yana turjewa. Kurusei kuwa tun asalinsa ba ya jin sa sam. Farafsilosis shi ne mai son roba da hannun ma'aikata, shi ke addabar ɗakunan jarirai, kuma a Afirka ta Kudu an ga yawancinsa ya daina jin filukonazol. Ke nan bai isa ɗakin gwaji ya rubuto cewa an ga yis ba, sai ya faɗi wane ne, da kuma maganin da yake ji. Kuma yadda ake sayen filukonazol a kemis ba takardar likita, a sha yau a bari gobe duk lokacin da aka ji ƙaiƙayi, yana ƙara koya wa yis yadda zai jure masa.

Akwai kuma baƙon da ya tayar wa duniya hankali. A 2009 masana a Japan suka ba da labarin wani sabon yis da suka samo a kunnen wata tsohuwa 'yar shekara 70 a wani asibiti a Tokiyo. Suka sa masa suna Kandida awuris, awuris kuwa kunne ne da Latin. Da aka koma tsofaffin samfura, sai aka tarar ya taɓa shiga jinin wani yaro a Koriya ta Kudu tun 1996, ba a gane shi ba. Cikin 'yan shekaru ya ɓulla a Indiya da Pakistan da Afirka ta Kudu da Benezuwela. Da aka bincika ƙwayoyin gadonsa, sai aka ga na kowane yanki zuriyarsa daban, wato ba matafiyi ɗaya ne ya yaɗa shi ba, kusan lokaci guda ya taso a nahiyoyi daban-daban. Wasu masana, irin su Arturo Casadevall na jami'ar Johns Hopkins, suna hasashen ɗumamar yanayi na da hannu: yawancin fangas ba sa jure zafin jikin mutum na digiri 37, shi kuwa wannan yana girma har a digiri 42. Hasashe ne, ana kan bincike.

Abin da ya raba awuris da 'yan uwansa shi ne hali. Sauran yawanci daga cikin jikin majinyaci suke tasowa, da ɗan gari ake cin gari. Shi kuwa daga gado zuwa gado yake bi. Yana zama a fata, a hammata da matse-matsi, wata da watanni, mai ɗauke da shi bai sani ba. Yana rayuwa makonni a kan ƙarfen gado da katifa da abin awon jini. Wasu ruwan goge-goge da asibitoci suka saba da su ba sa kashe shi, sai mai sinadarin kulorin ko makamancinsa. A Amurka, kusan kashi 90 cikin 100 na samfuran da aka gwada ba sa jin filukonazol, kusan kashi 30 ba sa jin amfoterisin B, an ma samu waɗanda suka gagari gidajen magani ukun gaba ɗaya. Ƙari a kan haka, tsofaffin na'urorin gwaji sukan ba shi sunan wani yis daban.

Abin da ya faru a Oksfod ta Ingila ya isa darasi. Daga 2015 zuwa 2017, majinyata 70 a ɗakin kulawa ta musamman na masu ciwon ƙwaƙwalwa suka kwashi awuris. An yi ta wanke-wanke da keɓe majinyata, abin ya ƙi ƙarewa. Daga ƙarshe aka gano ma'aunin zafin jiki ne, irin wanda ake maƙalawa a hammata, ana gogewa a sa wa na gaba. Sai da aka kwashe su daga ɗakin sannan cutar ta lafa. Ku tuna ma'auni nawa ne ke zagaya gado 30 a ɗakunan asibitocinmu. Kuma kada a ɗauka abin na nesa ne. A Afirka ta Kudu, tsakanin 2016 da 2017, awuris ne ya haddasa kusan kashi 14 cikin 100 na kandidemiyar da aka tantance. An daɗe da ganin sa a Nairobi ta Kenya, kuma a 2022 masana suka wallafa rahoton samun sa a jinin majinyata a Najeriya.

Ku da kuke jinyar ɗan uwa, kuna da rawar takawa, kuma ba ƙarama ba ce. A asibitocinmu mai jinya ne ke kwana a gefen gado, shi ke juya majinyaci, shi ke goge masa jiki. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa shi da bayan kun taɓa shi. Kada ku taɓa bakin robar, kada ku bari filastar da ke kanta ta jiƙe ko ta ɓanɓare ba ku faɗa wa nas ba. In likita ya zo zagaye, babu rashin kunya a ce, likita, robar nan har yanzu ana buƙatarta? Kowace rana da ta ƙara a jijiya, haɗari ƙaruwa yake. Kuma don Allah a rage matsa wa likitoci lamba cewa sai an rubuta allura mai ƙarfi. In zazzaɓi ya kwana uku bai ji antibayotik ba, tambayar da ta fi amfani ita ce, an shuka jininsa kuwa? An yi tunanin yis?

Mu koma wurin magidancinmu. A ce an dace, wata likita ta yi wannan tunani, ta ɗebi jini, ta fara maganin yis a daren. Bayan kwana biyu ɗakin gwaji ya kira, Kandida ya tsiro. Za a cire robar wuyan, in dole ne a sa wata, a sa sabuwa a wani wuri. Za a duba cikin ko ruwa ya taru inda aka ɗinke, in akwai a zuƙe shi. Za a kira likitan ido ya ɗiga magani ya leƙa can ciki, in jinin ya ƙi washewa a ɗauki hoton zuciya. Kullum ko bayan kwana biyu za a sake ɗibar jini a shuka. Zazzaɓi zai iya sauka cikin 'yan kwanaki, ya tashi zaune, ya nemi kunu, 'yan uwa su fara maganar sallama saboda kuɗin gado. A nan ne ake buƙatar haƙuri, domin ba daga ranar da aka fara magani ake lissafi ba, ba kuma daga ranar da jiki ya yi sanyi ba. Ranar da aka ɗebi jinin farko da ya fito babu yis a cikinsa, daga ita ake ƙirga kwana 14 cur ana ba shi magani. In kuwa an tarar ya taɓa ido ko zuciya ko ƙashi, lissafin ya koma na makonni da yawa, wani lokaci watanni.